Zaren Cikin Ƙwaya

Ƙarfe biyun dare, ɗakin gwaji, Samaru.
Janareta ya yi tari sau uku ya mutu.
Ga ni, ga ƙwayoyin halittar
da na hana sukari tun la'asar,
ni ma ban sa komai a ciki ba.

Sai na tuna Sallau, kakana na Kwarbai,
mai ɗinkin aska takwas.
Yakan naɗe zare a guntun kara, ya ce:
"Zaren da bai warware ba,
riga ba ta san da shi ba."

To, haka yake a can ciki, Kaka.
Kowace ƙwaya da zarenta, kamu huɗu,
naɗe a kan 'yan kwarkwaro,
kromatin, in ji littafi.
Akwai rubutu a jikinsa,
amma naɗaɗɗe ba ya karantuwa.

Wa ke warwarewa? Tuwo.
Murhun ƙwaya ya ƙone shi,
ɓurɓushin ya hau kwarkwaro,
ya ce masa: saki.
Ya saki, shafi ya buɗe.
Ranar yunwa kuwa sai ya ƙara tamkewa,
yadda kake rufe kwandon ɗinki
in kananzir ya ƙare a fitila.

Wuta ta dawo. Na ɗiga musu sukari,
na rubuta lokaci a gefen takarda,
na fita neman mai shayi.
Ya riga ya kwashe.

Na dawo da burodin jiya a leda,
ina ci a tsaye,
ina jiran nawa zaren ya saki.