Layi Na Ɗari Biyu Da Sha Ɗaya

Ni aikina karatun sanda ne.
Da hantsi in gangara ƙarƙashin gadar Argungu,
in duba inda gulbi ya lasa da dare,
in rubuta, in hau babur, in kai ofis.
Abin da na'ura ke yi da lambobina
ban taɓa tambaya ba,
sai da Malam Nomau da Kulu suka soma.

Fotiran sunan yaren.
Malam ya koye shi tun ana huda kati.
Da shi ya rubuta manhajar ambaliya, baƙaƙe duk manya,
kowane layi sai ya bar gurbi shida kafin ya fara,
kamar manomin da ke barin burtali.
Shekara talatin da huɗu tana gaya wa mutanen fadama
ranar da za su kwashe shinkafa.

Sai labari ya zo: masu tsara ƙa'idar yaren
na shawarar sallamar tsofaffin kalmomi,
har da "je ka layi kaza",
wadda Malam ya shuka sau tamanin da uku.
Kulu ce ta ƙirga.

Ta ce, "Malam, wannan koma ce da ta sarƙe.
Tun Litinin nake bin zare ɗaya,
ya kai ni layi na arba'in, ya maido ni na tara,
ya bar ni nan ko sallama babu.
Ranar da ba ka nan, wa zai warware?"

Ya ce, "Ɗiyata, jirgin da ya ƙetare da kakanki
ba a faskara shi don an ga mai inji.
Masu yanka kalmomi daga nesa,
sun taɓa ganin ruwa ya ci buhu ɗari a dare guda?"

Ta ce, "Jirgin da mutum ɗaya kaɗai ya san inda yake yoyo fa?"

Fanka na ta juyi. Na kurɓi shayina.

Sati uku ta yi tana sabunta shi,
ƙananan baƙaƙe, kowane abu da cikakken sunansa.
Ya yi gudu, ya yi kyau.
Amma amsarsa ta ɗara ta tsohon da taƙi guda.
Malam ya yi murmushin da bai kamata ba,
ya ɗora yatsa a layi na ɗari biyu da sha ɗaya:
a rage kaza, ba dalili, ba bayani.
"Kin zubar da shi don ba ki san shi ba.
Sandar gada ta nutse da taƙi shekarar babban ruwa.
Uban wannan yaron ya gaya mani."

Ni ne yaron. Furfura gare ni.
Na ajiye kofi, na ce,
"Malam, ai an sake sandar.
Shekara tara ke nan. Ni na riƙe ta aka zuba siminti."

Ba wanda ya yi magana.
Kowa ya tuna bara,
da ruwa ya riga mu isa fadamar Tiggi da kwana biyu,
muka ce ikon Allah.
Ikon Allah ne. Amma da layin a ciki,
da bakina da bai buɗe ba.

Malam ya cire hula, ya dubi cikinta, ya mayar.

Yanzu kujera biyu ke gaban na'ura.
Shi yana tuno dalilin kowane layi, ita tana rubutawa a gefensa,
wani ya tuna, wani ya ce Allah masani.
"Je ka" saura goma sha ɗaya, ya hana a taɓa.
Jiya ma sun yi musu har la'asar.

An ƙara mani shafi a littafi,
na rubuta duk abin da ya sami sanda.
Yau na sa: akuya ta sosa jiki, ba ta motsa ba.