Kasuwar Dole a Gonata

Jigawar da Baba ya bar mini gabas da Mirya
shekara uku tana ba ni kunya.
Gero zalla nake zuba mata,
ita kuma ta biya ni da ƙuduji,
furensa a buɗe kamar mai yi mini gwalo.
Abin da na ɗaure bara
ko jaki bai san an ɗora masa ba.

Bana, da ruwan shuka ya sauka daren Laraba,
na fito da ƙorai huɗu.
Gero a layinsa,
wake mai yaɗo a tsakani,
gyaɗa wajen tsohon turke inda ƙasa ta fi laushi,
yakuwa na tsaron iyaka.
Ƴaƴan gawo bakwai da suka tsiro don kansu
na hana hauya ta taɓa su.

Nomau ya ja linzami bisa amalanke:
"Barira, gona ce wannan ko Kasuwar Dole?
Kowa da kowa rumfa ɗaya!"
Ban tanka ba. Rana na tafiya.

Watan bakwai ruwa ya ɗauke kwana goma sha shida.
Gonarsa ta gasu kamar tanda.
A tawa wake ya shimfiɗa tabarma;
na zura hannu ƙarƙashi,
na tarar da danshi yana barci kamar goyo.
Na tuge tushe ɗaya don in gani,
saiwa duk ƙulli-ƙulli, sai ka ce duwatsun wuya.
Malamin gona ya ce abincin ƙasa ne a ciki.
Ni dai tana na gani,
wadda rabona da ita tun ina tallar fura.

Da kaka, gero dami goma sha tara.
Ba shi ne labarin ba.
Labarin na bisa rufin ɗaki da rassan aduwa:
harawar wake, harawar gyaɗa,
kore shar har ƙarshen rani.
Tunkiyata ta haifi tagwaye,
akuya na cika ƙwarya kullum safiya,
takinsu kuma na komawa jigawa kwando-kwando.

Cikin bazara Nomau ya zo da almuru,
sansa a baya, ana ƙirga haƙarƙari.
Sai da ya gaishe ni sau uku
kafin ya tambayi kuɗin ƙulli ɗaya.
Na ce, "Ai kasuwa ta tashi."

Na ɗora masa biyu a amalanke,
da tiyar irin wake, ɗaure cikin tsumma.