Zobe Mai Hannu Biyu

Mushe Ɗanjimo ya zana shi da alli:
zobe mai kusurwa shida,
hannu gabas, hannu yamma,
kowanne da tsaminsa.
Terefitalik, in ji shi. Harshena ya yi tuntuɓe.
Fari ne kamar garin rogo,
amma ruwa ba ya cin sa,
wuta ma ba ta narka shi, sai dai ya tashi.

In ya kama hannun baƙo
ɗigon ruwa ke faɗuwa.
Gaisuwa kan gaisuwa, sarƙa ta miƙe,
ta zama gorar roba.

Da la'asar a Bagalam
Inna Tsahara na wanke gorunan zoɓo.
Na ce, Inna, zobba ne fal hannunki.
Ta dubi yatsunta wayam,
ta ce, "Ke, miƙo murfin."