Allon Shago a Boedo

Shekara arba'in da ɗaya ina jingina tsani a bango guda,
nan Boedo, cikin Buenos Aires, daura da mai burodi,
lamba ɗari takwas da sha biyu.
Allon katako ne, kamu shida,
an kafe shi tun ban san hannun dama ba.
Duk wanda ya karɓi mabuɗi, ni yake cigiya.

Da Don Anselmo Bruzzone na fara, mai gyaran takalma,
bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi,
shi ya sa maganarsa ba ta da yawa.
Ya ce da ja, kuma a yi wa harafin farko wutsiya.
Ladana dunduniya biyu sababbi.
Har yau in an yi ruwa, bangon kan tuna da warin fata.

Sai Perla Szmulewicz da maɓallanta a kwalabe,
tana auna kintinkiri daga hanci zuwa yatsa.
Ta tsaya a gindin tsani tana jefo mini sunanta harafi-harafi,
duk da haka sai da na ɓata shi.
Ta ce, "Bar shi haka.
A tashar jirgin ruwa ma abin da suka yi wa ubana ke nan."

Bayanta samari biyu masu hayar kaset.
Na manta sunayensu, su ma sun manta da kuɗina.
Shuɗi suka zaɓa, mai kashe ido.

Shekarar da bankuna suka yi gum,
mata suka fito titi suna kaɗa tukwane,
ba wanda ya neme ni.
Ƙofar ƙarfe ta sauka, tantabaru suka kama haya.
Wata ashirin allon yana tallar abin da babu.

Eulogia Condori ce ta ɗaga ƙofar da kafaɗa.
Daga Potosí ta zo, da sikeli, da 'ya a goye,
da dankali iri bakwai, kowanne da sunansa.
Ta ce, "Kada ka sa nawa. Sa na yarinyar."
Na rubuta Nayra, na ƙara furen kabewa kyauta.
A allon nan yarinyar ta fara haɗa baƙi.
Yanzu haƙora take cirewa a Rosario,
uwar ta tattara sikeli ta bi ta.

Kwon mai wanki da guga, shekara uku kacal.
Tururinsa ya kumbura mini fenti.

Shekaranjiya wani yaro, Yeferson, ɗan Maracaibo,
mai gyaran wayar hannu,
ya ce fitila yake so, mai ƙiftawa dare da rana.
Bai yi mini rashin kunya ba.
Shi ma ya riƙe mini tsani na zare ƙusoshin,
ya ce, "Kaka, tafi da shi in kana so."

Ban taɓa kankare sunan kowa ba,
shafe nake yi a kan shafe.
Daren jiya na kwantar da allon a tebur, na sa wuƙa.
Kwon ya ɓare kamar ɓawon albasa.
Furen kabewa yana nan, bai yi yaushi ba.
Shuɗin 'yan bashi.
Kuskurena a sunan Perla.
Wutsiyar Anselmo, ja wur.
Na ce to, saura katako.

Wuƙa ta ƙara nutsewa, sai ga kore,
da haruffan da ba hannuna ba:
rabin suna, danshi ya cinye sauran.
Ashe wani ya riga ni hawa,
kuma ya fi ni iya lanƙwasa.

Na ajiye wuƙar.
Shayina ya huce a ƙoƙo,
ina ta bin layinsa da ɗan yatsa.