Mai Yi Wa Iska Hanya

Ranar da Kawu ya kai ni shagon Malam Tasi'u a Ƙofar Ruwa
ba almakashi aka ba ni ba,
tsintsiya ce.
Wata biyu ina sharar ɓarɓashin kwano,
'yan jinjirin wata masu kaifi
da ke huda silifas su gaisa da diddige.

Sai wata Talata ya miƙo tef da ƙusar zane.
"Auna." Na auna.
"Sake." Na sake.
Ya ce kwano ba yadi ba ne,
tela in ya kuskure sai ya sa haɗi,
kai in ka yanka, ka yanka,
falle ɗaya ya fi kuɗin abincinka na mako.

Na koyi lanƙwasa baki a gefen benci
da gudumar katako,
bugu kaɗan-kaɗan, kamar mai lallashin goyo.
Ashe bututu ma yana da gwiwa,
sai an zana ta a takardar siminti
kafin a kusanci kwano.
Tawa ta farko ta fito kamar ƙahon rago.
Sagiru ya yi dariya har ya zauna kan ƙusoshi.
Malam bai yi ba.
Ya rataye ta a ƙofar shago,
tana nan har yau.

Hannuna kuwa kar ka tambaya.
Safar hannu biyu ce, mu huɗu ne,
kuma ni ne auta.

Aikin waje na farko, wani bene a Hotoro,
tsakiyar bazara.
Na shiga silin rub da ciki, tocila a baki,
rufi na gasa bayana kamar gurasa a tanderu.
Gaɓa tara na haɗa, na liƙe, na ɗaure,
na sauko ina jin kaina wani ne.
Malam ya kunna injin, ya ciro tsinken turare daga aljihu,
ya hau tsani yana bin gaɓoɓin ɗaya-ɗaya.
A ta huɗu hayaƙin ya yi rawa.
"Wa ya haɗa nan?"
Na yi shiru, gaɓar ta amsa mini da fito.
Ya ce, "Mutum zai rufa maka asiri.
Iska ba ta iya ba."
Sai bayan magariba na sake saukowa.

Aka rufe silin, aka shafa fenti.
Maigidan ya zo, ya ɗaga kai,
ya yaba fitilu.

Abin ya ci ni, har na kai gida Kurna
na tarar da Gwaggo Tabawa a ɗakin suyarta,
bango baƙi ƙirin,
tana juya ƙosai tana share ido da gefen zani,
tarin nan nata na asuba
da muka saba da shi kamar kiran salla.
Shekara nawa ina kallo ban gani ba.

Na fara tara guntaye.
Malam ya gan ni, ya juya baya,
washegari na sami rabin falle a jingine da kekena.
Sati uku ina bugu bayan an tashi:
malafa bisa murhu, gwiwa ɗaya, bututu ya leƙa sama.
Babu fanka. Ina wutar?
Zafi da kansa yake hawa, in ka nuna masa ƙofa.

Ta hura icen.
Hayaƙi ya tashi, ya yi jim kamar baƙo a zaure,
sannan ya shige.
Ta daɗe a tsaye da matsami a hannu.
Ta ce, "Ashe idon nan lafiyarsa ƙalau."

Ran Juma'a Malam ya biyo ta layinmu.
Ya dubi malafar, ya dubi gwiwar,
ya sa hannu a aljihun da turaren yake.
Na daina numfashi.
Ɗari biyu ya ciro.
Ya ce a zuba masa, a sa yaji da yawa.