Mai Jan Layi

Shekara arba'in da ɗaya ina jan layi
daga gida zuwa kusurwar farko,
farin alli a kan jar ƙasa,
tun rana ba ta leƙo ta bayan allon maki ba.

Kakana Eulogio ya ce da can gonar rake ce.
Masu sara suka fara, ranar Lahadi,
da ƙotar gatari da ɗanyen lemo,
buhunan sukari huɗu su ne kusurwoyi.
Mai injin matsa ya ga taro, ya ga kuɗi,
ya kewaye wurin da kwano, ya dasa mai karɓa a ƙofa.
Yara suka huda kwanon da ƙusa,
ido ɗaya ma ya isa kallon besbol.

Rumfar katako ta ci wuta a daren biki,
aka zuba siminti a kan tokarta.

An yi dambe a nan, an yi rigakafin ƙyanda.
Masu wasan dabbobi sun zo da giwa,
ta taka tudun mai jifa,
kwana tara ina cike sawunta.
Shekarar da guguwar teku ta kwashe rufin unguwarmu
iyali ɗari uku suka kwana ƙarƙashin kujeru.
Casilda ta haihu a ɗakin alƙalan wasa,
aka yanke cibi da almakashin gyaran raga.
Yaron ya girma bai iya cafe ƙwallo ba,
direban bas ne, yakan yi mini ham in ya wuce.

Sati ukun da soja suka rufe ƙofa kuwa,
ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.
Ƙanena Fermín na cikin waɗanda aka zaunar
a ciyawar hagu, hannu a ƙeya.
Da aka buɗe, aka miƙo mini bokitin alli,
aka ce gobe akwai wasa.
Na ja layi. Ya karkace.
Alƙali ya gani, ya kau da kai.

Har yau ciyawar hagu ita nake yanka a ƙarshe,
kuma ba na fito a wurin.

Yanzu an ce za a gina sabo a bakin babban titi,
mai rufin da ke buɗewa kamar akwati.
To, su gina.
Daren nan dai fitilu sun kama,
ƙamshin soyayyar ayaba ya cika matakala,
gora ta daki ƙwallo, ta hau duhu,
mutum dubu takwas sun riƙe numfashi
sun ɗaga kai sama.

Ni ƙasa nake kallo,
inda takalmin mai gudu ke share mini layi.
Share, ɗana, share.
Allin bai ƙare ba,
da asuba ina nan.