Mai Gadin Gurbi

Ni na ɗora mai gadin nan a bakin gurbi,
a wani shago a Mabera, fanka tana juya zafi.
Na ce masa: kowa ya zo, tsare shi ka duba.
Lambar waya sha ɗaya cif.
Gurbin suna, haruffa zalla.
Wanda ya bar fili, kore shi da jan rubutu.

Ina da hujja.
Bara wani ya shigo sau arba'in da suna arba'in,
ya kwashe takin mutum arba'in.
Wani ya cusa guba a gurbin adireshi,
rumbun bayanai ya kwana yana amai.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ran Laraba sai ga dattijo daga Kwalkwalawa,
lakar fadama ta bushe a dugadugansa,
warin albasa ya riga shi sallama.
Ya ɗosana a bakin benci kamar mai jiran alƙali.

"Suna, Baba?"
"Nomau Ɗan'ige."
Na buga. Gurbi ya yi ja.
Na goge, na sake. Ja.
Ƙugiyar da ke kan Ɗ ce laifin farko,
ɗan wakafin da ke rataye tsakanin Ɗan da Ige na biyu.
Mai gadina bai san su ba,
allon da na koya masa karatu babu su.

"Mi yac ce?"
"Wai sunan bai inganta ba."
Ya dube ni, ya dubi gilashin.
"Rago anka yanka, yaro. Liman ya yi addu'a, an raba goro.
Shi wanga, shina wurin?"

Ranar haihuwa fa?
"Damanad da Rima tac ci gero.
Ana noma anka haihe ni, shi as sa Nomau."
Gurbi lamba takwas yake so, ba ya jin damina.
Na ba shi ɗaya ga watan ɗaya,
ranar da muke haifar duk wanda bai san ranarsa ba.
Ƙarya ta wuce da kore, ko tari ba a yi mata ba.

Lambar wayar ta jikanyarsa Hajo ce,
a bayan kwalin ashana,
gumi ya cinye ta ƙarshe.
Na cike da tawa.

Sai na koma kan sunan,
na karya ƙugiyar, na tsinke wakafin.
Danige.
Ƙofa ta buɗe.
Ya ninke takardar sau huɗu, ya sa a hula,
ya yi mini addu'ar da ban ci ba.
Wani mutum da babu shi, haifaffen sanyi,
zai karɓi buhu biyu a madadinsa.

Da dare an ɗauke wuta.
Na tayar da janareto, na zaunar da mai gadin.
Ban kore shi ba, ɓarayi ba su tuba ba.
Na dai biya masa: ɓa, ɗa, ƙa,
na nuna masa wakafin Sa'a da na 'Yar'inna,
na ce wannan ba wuƙa ba ce, numfashi ne.
A ƙarƙashin ranar haihuwa na haƙa ɗan gurbi:
ban sani ba, amma da damina ne.

Saura gwaji.
Shekara tara ina Dayyabu a kowace takarda,
a jarrabawa, a banki, a katin asibiti,
har na daina jin zafin wurin.
Na sa yatsa, na nemo harafin
yadda inna take faɗinsa
in tana kirana daga bakin murhu.

Ɗayyabu.

Na jira jan.